Tambaya: Nawa ne ainihin nisan Utqiagvik zuwa Longyearbyen ta jirgin sama?

Mai_Alli ya rubuta:

Assalamu alaikum. Malamin labarin ƙasa ne ni a sakandare, kuma wani aikin gida da na bayar ya dawo mini da amsoshi uku da ba sa ga-maciji da juna.

Na ce wa ɗalibai su nemo filin jirgin saman da ya fi kowanne shigewa arewa a ƙasar Amurka, su nemo takwaransa na Turai wanda jiragen fasinja ke zuwa, sannan su faɗi nisan da ke tsakaninsu ta sama. Sunayen ba su ba kowa wahala ba. Na Amurka yana garin Utqiagvik a jihar Alaska, wanda taswirar bangon ajinmu take kira Barrow har yanzu, tunda a 2016 aka sauya sunan. Na Turai kuma yana Longyearbyen, a tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe. A kan nisan ne kai ya rabu.

Wata yarinya, wadda ta fi kowa tsaftar aiki a ajin, ta ɗora doguwar rula a kan taswirar bango, ta auna, ta kwatanta da ma'aunin da aka zana a ƙasan taswirar, ta samo sama da kilomita 19,000. Wani yaro ya buga sunayen filayen biyu a shafin intanet mai lissafa nisa, aka ba shi kusan kilomita 3,400. Na ukun, wanda dama ɗan ƙwaƙƙwafi ne, sai ya shiga shafin sayar da tikiti. Ya tarar babu jirgi kai tsaye, sai an yi ta sauyi, tafiyar ta haura kwana guda. Ya tara nisan zango-zangon ya samu wajen kilomita 13,000, kuma ya kafe cewa tasa ce amsar, tunda ita ce hanyar da mutum zai bi da gaske.

Masana, wa zan ba maki? Kuma yaya zan fahimtar da yara ba tare da na jefa su cikin lissafin kusurwoyi ba, don ba su kai nan ba tukuna?

Ɗan_Safiyo ya rubuta:

Wa'alaikumussalam, Allah ya gafarta Malam. Mai 3,400 shi ke da gaskiya, kuma ba sai ka jingina da intanet ba. Da alli da allo za ka tabbatar da ita a gaban aji, da tarawa da ɗebewa da ɗan ninkawa kawai.

Filin Longyearbyen yana kan digiri 78 da minti 15 arewa (minti 60 ne digiri ɗaya), digiri 15 da rabi gabas. Na Utqiagvik yana kan digiri 71 da minti 17 arewa, kusan digiri 157 yamma. Ka fara duba gabas da yamma ɗin: 157 a haɗa da 15, ya ba ka 172. Saura 8 kacal ya cika 180. Wato garuruwan biyu kusan suna fuskantar juna ne, ƙuryar arewa ta duniya tana tsakaninsu. Ka yi sa'a da waɗannan filaye biyu, don ba kullum lissafi yake zuwa da sauƙi haka ba. Tunda ƙuryar tana tsakiya, sai ka auna kowanne zuwa can, ka tara.

Kowane digiri ɗaya na tafiya arewa kusan kilomita 111 ne, ko'ina a duniya. Daga Longyearbyen zuwa digiri 90 saura 11.75, wato kusan kilomita 1,300. Daga Utqiagvik saura 18.7, wato kusan 2,080. Ka haɗa, 3,380. Shafuka daban-daban za su ba ka tsakanin wannan da 3,400, gwargwadon ko sun ɗauki duniya cikakkiyar ƙwallo ko sun yi la'akari da ɗan bajewar da take da ita a sama da ƙasa. Matuƙa jirgi da mil na teku suke aiki, wanda shi ne minti ɗaya na digiri, mita 1,852, don haka a wurinsu tafiyar mil 1,820 ce da 'yan kai. Gajeren layin bai bi ta kan ƙuryar daidai ba, saboda waccan digiri 8 da ta rage. Yana wuce ta da kamar kilomita 110, ta ɓangaren Kanada da Girinlan.

Ga yadda za ka nuna wa yara. Ka kifa ƙwarya a kan tebur, ka ɗiga alli a wuri biyu kusa da ƙoƙon samanta, ɗaya ta nan, ɗaya ta can baya. Ka ba yaro zare ya haɗa su. Da kansa zai bi ta sama, don nan zaren ya fi gajarta. Abin da rular yarinyar nan ta auna shi ne kewayawa ta bakin ƙwaryar, can ƙasa inda ta fi faɗi.

Laifin ba nata ba ne, na taswirar ne. Layukan tsaye na taswira, a kan ikwaita tazarar digiri ɗaya tsakaninsu kilomita 111 ce. A digiri 60 arewa ta koma rabi, kusan 56. A Utqiagvik kusan 36. A Longyearbyen kusan 23. A ƙuryar kuwa duk sun haɗe wuri ɗaya. Amma taswirar da Gerardus Mercator ya fitar a 1569, wadda yawancin na bango da na waya suka gada, ta miƙar da layukan nan sun tsaya jere kamar ba za su taɓa haɗuwa ba. Don masu jirgin ruwa ya yi ta, domin su ja layi ɗaya su bi kamfas ba sauyi, kuma a wannan aikin ta yi kyau. Farashin da aka biya shi ne arewa ta kumbura. Shi ya sa Girinlan take bayyana kamar ta kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Ma'aunin da aka zana a ƙasan irin wannan taswira a kan ikwaita kaɗai yake da gaskiya. Ka lissafa 172 sau 111, za ka ga 19,000 ɗin yarinyar ta fito sak. Wato ta auna daidai, ma'aunin ne ba na wurin ba.

Akwai wani abu kuma. Taswirar Mercator ba ta iya nuna ƙuryar arewa ko kaɗan, na intanet ma a wajen digiri 85 suke yankewa. Hanyar da kake nema ba ta cikin takardar gaba ɗaya, ta fita ta saman gefe ta dawo ta wani wuri. In ma mutum ya nace ya bi wancan miƙaƙƙen layin rula a zahiri, ta kan tsibiran arewacin Kanada da Girinlan, abin da zai ci kusan kilomita 5,000 ne, ba 19,000 ba.

Abin da ni ya fi burge ni a hanyar nan, jirgi zai tashi daga Utqiagvik hancinsa na kallon arewa, kusan digiri 3 daga cikakkiyar arewa, ya sauka a Longyearbyen yana kallon kudu, kuma matuƙin bai karya kwana ko sau ɗaya ba. Ka jefa wa ɗalibai wannan su kwana suna tunani.

Da ni ne kai, yarinyar za ta samu rabin maki. Kuma in makarantarku ba ta da taswirar ƙwallo, a nema, ko ƙarama ce. Koyar da arewacin duniya da takardar bango kaɗai zaluntar yara ne.

Mai_Alli ya rubuta:

Madalla, Yallabai, Allah ya ƙara basira. Lissafin ya zauna mini. To amma na san yaron tikitin nan, ba zai bar ni in sha ruwa ba. Zai ce in dai 3,400 ce, me ya hana jirgi bin ta? Jiragen ne ba za su iya ba, ko hanawa aka yi?

Tsohon_Bakaniken_Jirgi ya rubuta:

Malam, ba hanawa aka yi ba, kuma jirgin ba shi ne matsala ba. Boeing 737-800 yana cin sama da kilomita 5,000 ba tare da ya sake shan mai ba, wannan kuwa tafiyar kamar sa'a huɗu da rabi ce. Filayen biyu duk suna karɓar 737 a yau, kowanne titinsa na kwalta ne kuma ya haura kilomita 2.

Mu da muka yi aikin gyaran jirgi, tambaya ɗaya muke fara yi kafin nisa: in inji ɗaya ya mutu a tsakiyar hanya, ina za a sauka? Tsohuwar ƙa'ida ita ce jirgi mai inji biyu kada ya yi nesa da filin sauka fiye da tafiyar minti 60 da inji ɗaya. In kamfani yana so ya wuce haka sai ya nemi izinin da ake kira ETOPS, na minti 120 ko 180 ko sama. Ba jirgin kaɗai ake dubawa ba, har da yadda kamfanin yake gyara. Misali ba a son bakanike ɗaya ya yi aiki iri ɗaya a kan injinan biyu a zama ɗaya, don in ya manta ɗaure wani abu a na hagu kada ya manta shi a na dama. Ana kuma bibiyar yadda kowane inji yake shan baƙin mai, tashi bayan tashi. Da irin wannan izini ne Alaska Airlines yake kai 737 Hawaii.

Yanzu ka dubi tsakiyar wannan hanya. Kilomita 1,700 gaba, 1,700 baya, ƙasa kuma ba komai sai ƙanƙarar teku. Filin da ya fi kusa shi ne Alert, na sojan Kanada, a digiri 82 da rabi, kilomita 817 daga ƙuryar arewa, kuma titinsa tsakuwa ce. Akwai Station Nord na sojan Denmak a arewa maso gabashin Girinlan, shi ma ba kwalta. Mai titin kirki shi ne Pituffik, sansanin sojan Amurka da ake kira Thule har zuwa 2023, amma yana can ƙasa a digiri 76 da rabi. Ko an sauka lafiya a Alert, ka sauke mutum ɗari da hamsin a wurin da mazaunansa 'yan gommai ne, cikin duhu da sanyin digiri 30 ƙasa da sifili. Ina za su kwana, wa zai zo ya kwashe su? Shi ya sa hukumar jiragen saman Amurka, FAA, take buƙatar duk kamfanin da zai ratsa arewa da digiri 78 ya gabatar da tsarin kwaso fasinja daga inda aka yi saukar dole, ya kuma ɗauki aƙalla rigunan sanyi na musamman guda biyu don ma'aikatan da za su fita waje.

Sai mai. Jet A, wanda aka fi sha a Amurka, yana fara daskarewa a digiri 40 ƙasa da sifili, Jet A-1 kuma a 47. A doguwar tafiya cikin iska mai tsananin sanyi matuƙi yana sa ido a kan zafin man da ke cikin fukafuki, in ya kusa iyaka sai ya sauko ƙasa kaɗan ko ya ƙara gudu. Sadarwa ma haka. Taurarin ɗan'adam da ke tsaye a saman ikwaita suna nutsewa a bayan doron ƙasa da zarar ka wuce wajen digiri 82, sai a koma rediyo mai dogon zango, wadda guguwar rana take rikitawa, ko taurarin Iridium da suke ratsawa ta kan ƙuryar. Kamfas na maganaɗisu kuwa a can ba a yarda da shi. Arewar maganaɗisu daban take da arewar taswira, kuma tafiya take yi, ta baro yankin Kanada ta nufi Saibiriya.

Kada a manta da ƙarshen tafiyar. In ka iso Longyearbyen ka tarar hazo ko iska sun rufe filin, mafita mafi kusa ita ce Tromsø a arewacin Norwe, kusan kilomita 950 kudu, kuma dole man zuwa can ya kasance a tanki tun daga Alaska. Ta ɗaya ɓangaren da sauƙi, filin Deadhorse yana kamar kilomita 330 gabas da Utqiagvik.

Duk abin da na lissafa ana iya shawo kansa, kuma ana yi. Tun 2022 da aka rufe wa kamfanonin Turai sararin Rasha, jiragen Finnair tsakanin Helsinki da Tokyo sukan bi ta kan ƙuryar arewa. Bambancin, su suna da fasinja. Utqiagvik mutanenta kusan 5,000 ne, Longyearbyen kusan 2,500. Wa zai cika kujerun? Ka faɗa wa yaron wannan ita ce babbar amsar, sauran duk bayanta suke.

Uwar_Littattafai ta rubuta:

Baba bakanike, a ƙara da cewa an taɓa bin hanyar nan, kuma da jirgi mai inji ɗaya tak. Ranar 15 ga Afrilun 1928, Hubert Wilkins ɗan Ostireliya da matuƙinsa Carl Ben Eielson ɗan Amurka suka tashi daga Point Barrow, dab da Utqiagvik, a cikin ƙaramin Lockheed Vega mai ƙafafun sulɓi a kan ƙanƙara. Wilkins ne mai duba hanya, da rana yake auna inda suke. Da gangan ba su bi ta kan ƙuryar ba, sun karkata ta arewacin tsibirin Ellesmere don su ga ko akwai wata ƙasa da ba a sani ba a wannan teku. Ba su ga komai ba sai ƙanƙara. Bayan sama da sa'a 20 a sama, sun ci kusan kilomita 3,500, suka iso gaɓar Spitsbergen, babban tsibirin Svalbard, cikin guguwar dusar ƙanƙara, mai ya kusa ƙarewa, suka sauka a wani wuri da ba kowa. Kwana biyar guguwa ta tsare su a cikin jirgin kafin su samu tashi su ƙarasa Green Harbour, inda akwai tashar rediyo. Malam, ka lura da 3,500 ɗin nan, ɗan karkatar da suka yi ne ya ɗora a kan 3,400 ɗinka.

Shekara biyu kafin su, jirgin balan-balan mai suna Norge ya yi tafiyar ta ɗaya fuskar, ɗauke da Roald Amundsen da Lincoln Ellsworth da Umberto Nobile. Sun tashi daga Ny-Ålesund a Svalbard ranar 11 ga Mayun 1926, suka ratsa ƙuryar ranar 12, suka sauka a Teller ta Alaska ranar 14. Turken ƙarfen da aka kafa don ɗaure jirgin yana nan tsaye a Ny-Ålesund har yau. Shi kuwa filin Longyearbyen na yanzu sai 1975 aka buɗe shi. Na Utqiagvik yana ɗauke da sunan Wiley Post da Will Rogers, waɗanda jirginsu ya faɗi kusa da garin a watan Agustan 1935.

Mai_Yankan_Tikiti ya rubuta:

Jama'a, ni dai bari in tsaya wa yaro na uku, don sana'ata yake yi bai sani ba. Ɗan Safiyo, ranka ya daɗe, lissafinka ba gyara, amma tambayar Malam ta ce nisa ta jirgin sama, ba ta ce gajeren layi ba. Wanda ya zo gabana yana son zuwa Longyearbyen daga Utqiagvik, ba zan miƙa masa zare ba.

Ga yadda 13,000 ɗin ta fito. Utqiagvik ba ta da hanyar mota da ta haɗa ta da sauran Alaska, jirgi kuma kudu yake yi, zuwa Anchorage, kusan kilomita 1,160. Daga nan Seattle, kusan 2,330. Seattle zuwa Keflavik a Aislan, kusan 5,800. Keflavik zuwa Oslo, kusan 1,780. Sannan Oslo zuwa Longyearbyen, kusan 2,000, tafiyar sa'a uku kai tsaye, ko a yada zango a Tromsø. Kamfanonin jirgin SAS da Norwegian ne suke wannan zangon na ƙarshe. Ka tara, ta ɗan haura 13,000, kusan ninki huɗu na gajeren layin. Zango biyun farko ma nesanta mutum suke yi da inda ya nufa. A lokacin zafinsu, in an dace da jirgin Anchorage zuwa Frankfurt, ana rage sama da kilomita dubu da sauyi ɗaya.

Haka tsarin yake a duk arewa mai nisa. Kowane ƙaramin gari kudu yake kallo, inda gwamnatinsa da babban asibitinsa da kayan masarufinsa suke, ba ya kallon maƙwabcinsa na gefe. Don haka sau da yawa garuruwa biyu da suke kusa a taswirar ƙwallo su ne suka fi nisa a tikiti.

Malam, ka ba yaron makinsa cikakke in ya nuna zango-zangon, amma ka tambaye shi abu biyu da shafin tikiti ba ya faɗa da babbar murya. Na farko agogo: Svalbard tana gaba da Alaska da sa'a 10, don haka lokacin tashi da na sauka da ya gani ba za a ɗebe su kai tsaye ba. Na biyu takardu. Svalbard kanta ba ta neman biza daga kowa, kuma tana wajen yankin Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya da Norwe take cikinsu, duk da cewa yarjejeniyar 1920 ta ba Norwe mulkinta. Amma jirgin fasinja daga Oslo ko Tromsø yake tashi. Duk wanda fasfonsa ke buƙatar bizar Schengen sai ya nemi mai shiga aƙalla sau biyu, domin zuwa Svalbard fita ce daga yankin, dawowa kuma sabuwar shiga ce. Mai bizar shiga sau ɗaya, in ya tashi zuwa Longyearbyen ya riga ya cinye ta.